Yadda Ake Shirya Yaro Ya Shiga Aji Ɗaya na Sakandare, Daga Haɗa Akwati Zuwa Daren Farko

Duk shekara a watan Satumba, ranar da 'yan aji ɗaya suke shigowa, nakan zauna a gindin darbejiyar da ke kusa da ƙofar makaranta, da tebur da rajista a gabana. Tun da hantsi motoci da babura da A Daidaita Sahu suke fara sauke yara, kowa da akwatin ƙarfe da katifa a naɗe da bokiti. Na yi shekaru ina koyarwa a makarantar kwana ta maza, na riƙe aji, na riƙe gidan kwanan ɗalibai. Daga baya ni ma na ɗauki 'yata na kai ta makarantar 'yan mata, na ɗanɗana abin da iyaye suke ji. A duk tsawon wannan lokaci, yaron da na ga ya fi shan wuya a makon farko shi ne wanda aka cika masa akwati amma ba a zaunar da shi an gaya masa abin da zai tarar ba, aka kuma tafi aka bar shi bai san sunan babba ko ɗaya da zai nufa idan wani abu ya same shi ba.

Ku tuna daga inda yaron ya fito. Jiya-jiya shi ne babba a firamare, ɗan aji shida, wataƙila ma shi ke kaɗa ƙararrawa. Malami ɗaya ko biyu ya saba da su, sun san shi, sun san gidansu. Yau ɗan shekara 11 ko 12 ne a cikin samari masu shekara 17 da 18, malamai kusan goma za su riƙa shigo masa aji, kowa da darasinsa da halinsa, kuma yawancin bayanin da Turanci za a yi. Idan makarantar kwana ce, ga rabuwa da gida a kan haka. Ga yadda nake ba iyaye shawara su bi abin daki-daki.

Mataki na farko: takardu, musamman suna da ranar haihuwa

Da zarar takardar samun gurbi ta fito, ko ta jarrabawar shiga makarantun gwamnatin tarayya ce wadda NECO take shiryawa, ko ta jiha, ko ta makarantar kuɗi, ku karanta ta daga farko har ƙarshe tare da yaron. A ciki ake rubuta ranar zuwa, da jerin kayan da ake so, da waɗanda aka hana. Ku nemi jakar leda mai maɓalli ku tara waɗannan a ciki: takardar gurbin, takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, shaidar gama firamare, takardar shaidar ƙaramar hukuma, hotunan fasfo, rasit na duk kuɗin da aka biya, da takardar asibiti idan an nema. Kowace takarda a yi mata kwafi biyu ko uku. Kwafin ake miƙawa, na asalin ku nuna ku dawo da abinku gida.

A nan zan daɗe, domin nan ne ake yin kuskuren da ke biyo yaro har girmansa. Sunan da aka rubuta a rajista ranar farko shi ne zai shiga jarrabawar gama aji uku, shi ne zai je WAEC da NECO a aji shida, kuma tun 2021 JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa. Idan takardar haihuwa ta ce Muhammad, rajistar makaranta ta ce Mohammed, katin ɗan ƙasa kuma ya ce Muhammed, to kun ajiye wa kanku zirga-zirgar kotu da rantsuwa nan da shekara shida. Haka Aisha da Aishatu, haka Abubakar da Abubakar Sadiq. Wani yaron ana tambayarsa suna sai ya faɗi wanda ake kiransa da shi a gida, Abba ko Khalifa ko Ummi, magatakarda kuma ya rubuta abin da ya ji. Na taɓa samun ɗalibin da ya kai aji biyar kafin a gano cewa sunan kakansa aka rubuta a gurbin sunan mahaifinsa, domin kawunsa ne ya kawo shi, shi kuma sunan da ya saba faɗa ke nan. Saboda haka tun a gida ku tsayar da suna ɗaya, da rubutu ɗaya, da jeri ɗaya, da ranar haihuwa ɗaya. Ku rubuta da manyan baƙaƙe a takarda, yaron ya kwafa har ya haddace, ranar rajista kuma ku leƙa ku ga abin da aka rubuta da idonku kafin ku tashi daga gaban teburin.

Mataki na biyu: ku je ku ga makarantar kafin ranar

Zuwa da kai ya fi aike. Idan da hali, mako ɗaya ko biyu kafin buɗewa ku ɗauki yaron ku je. Ku ga ajujuwa, da ɗakin kwana, da banɗaki, da inda ake ɗibar ruwa, da ɗakin shan magani, da masallaci. Yaron da ya taɓa taka wuri sau ɗaya, ranar da ya dawo ba zai tsaya yana waige-waige kamar an jefo shi ba.

Ku duba katanga da ƙofa da masu gadi, ku tambayi shugaban makaranta wane tsari suke da shi da dare da kuma yadda suke sanar da iyaye idan wani abu ya taso. Bayan sace ɗalibai da aka yi a Ƙanƙara a Disambar 2020 da Jangebe a Fabrairun 2021, babu uban da za a ga laifinsa don ya yi wannan tambaya, kuma shugaban da ya san aikinsa ba zai ji haushi ba.

Mataki na uku: makonni biyu na koyon yi wa kai

Wannan matakin aka fi tsallakewa, alhali ya fi sayayya amfani. A makarantar kwana babu Umma, babu yaya, babu 'yar aiki. Kafin ya tafi, yaro ya iya waɗannan da hannunsa: wanke yunifom ya fita, shanya da kwashewa, guga, ɗinke maɓallin da ya cire, ɗaura gidan sauro da soke gefensa a ƙarƙashin katifa, gyara gado, ɗaukar bokiti cike da ruwa ba tare da rabinsa ya zube ba, da wanka da bokiti ɗaya cikin 'yan mintoci. Kada ku tsaya a gaya masa. Ku ba shi omo da sabulu ku zauna kuna kallo, ya yi, ku gyara masa, gobe ya sake.

Ku kuma juya masa lokacin barci. Dogon hutu ya saba masa da kallo har tsakar dare da komawa barci bayan asuba. A makaranta ƙararrawar tashi tana bugawa kafin kiran sallar asuba ko daidai lokacin, kuma babu komawa. Ku fara kwantar da shi da wuri, ku tashe shi da asuba, ya yi salla ya yi wanka ya shirya kamar mai tafiya aji.

Sai ɗan gyaran harshe. Ba a koyon Turanci a mako biyu, amma ana iya koyon jimloli biyar ko shida da za su fitar da shi kunya: yadda zai faɗi sunansa da garinsu, yadda zai nemi izinin fita, yadda zai ce bai gane ba a maimaita masa, yadda zai ce ba shi da lafiya. Ku tabbatar ya iya taken ƙasa, wato tsohon nan na lokacin samun 'yancin kai da aka dawo da shi a watan Mayun 2024, domin da shi za a buɗe asambulin farko.

Mataki na huɗu: akwati

Jerin da makaranta ta bayar shi ne jagora. Abin da ba ya ciki kada ku cusa, domin a bakin ƙofa ake zazzage akwati a duba, kuma abin da aka hana ƙwacewa ake yi. Yawancin makarantun kwana sun hana wayar hannu, da kayan gida waɗanda ba yunifom ba, da reza ko wuƙa, da duk abin da ake dafa abinci da shi.

Abin da ba ya canzawa ko'ina: yunifom aƙalla biyu, kayan zaman gida na makaranta, kayan wasanni, kayan Juma'a, hijabai ga 'yan mata, sandal da safa da silifas, katifa daidai faɗin gadon makaranta, zanin gado biyu, bargo ko rigar sanyi saboda hunturu zai riske su kafin hutun Disamba, bokiti, buta, sallaya, kwano da kofi da cokali, soso da sabulu da omo, man shafawa, burushi da man goge baki, allura da zare, tocila da batir. Wasu makarantun suna neman tsintsiya da fartanya ko lauje. Ta fannin karatu kuma: littattafan rubutu ɗaya ga kowane darasi da ragowar biyu ko uku, biro da fensir, akwatin kayan lissafi mai rula da kamfas, da ƙaramin ƙamus na Turanci.

Gidan sauro kada a yi wasa da shi. Satumba ƙarshen damina ce, ciyawa ta cika harabar makaranta, kwatoci sun tara ruwa, lokacin ne zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara. Ku sa masa igiya da 'yan ƙusoshi idan gadon ba shi da sandunan ɗaurawa.

Komai a rubuta masa suna. Bokiti da akwati da fenti, yunifom da zanin gado da zare a ɗinka a ciki, sandal a ƙarƙashi, kwano a gindi. A ɗaki ɗaya za ka iske bokiti shuɗi guda ashirin iri ɗaya, kuma wanda ba shi da suna na kowa ne. Kwaɗon akwati ya zama mai ƙarfi da makulli uku: ɗaya a zare a wuyan yaro, ɗaya a wurin malamin gidan kwana, ɗaya a gida. Kusan duk shekara sai na fasa kwaɗon wani a daren farko, yaro yana tsaye yana hawaye ga kayan barcinsa a kulle.

Kayan ci kuwa, gwargwadon abin da aka yarda da shi: garin kwaki, sukari, madara, ƙuli-ƙuli, yaji, gyaɗa, cincin, dabino, ɗan dambun nama idan da hali. Ra'ayina shi ne kada a cika. Yaron da ya zo da akwati maƙil da kayan daɗi, idon manyan ɗalibai yana kansa tun ranar farko, sannan yakan ƙi zuwa ɗakin cin abinci har sai kayan sun ƙare, sai ya fara koyon cin tuwon makaranta a mako na huɗu lokacin da 'yan'uwansa sun riga sun saba. Abu na ƙarshe a kan akwati: yaron ne zai shirya shi da hannunsa, ku kuna gefe, don ya san inda komai yake.

Mataki na biyar: maganar da ake jin nauyin yi

Idan yaro yana da sikila, ko asma, ko farfaɗiya, ko wani abinci da jikinsa ba ya so, ku rubuta a takarda ku ba malamin gidan kwana da mai kula da ɗakin magani, ku kuma faɗa da baki. Wasu iyayen suna ɓoyewa don tsoron kada a ƙi karɓar yaron ko a riƙa nuna shi. Na ga ƙarshen irin wannan ɓoyo. An taɓa kawo mana yaro mai sikila ba a gaya wa kowa ba, aka raba aikin yankan ciyawa da shi a cikin rana, da yamma ya yi wanka da ruwan sanyi, cikin dare ciwon ƙashi ya tashi. Ƙarfe biyu na dare muka fita neman mota. Da mun sani, ba zai taɓa lauje ba, kuma da mun sa ido a kan shan ruwansa da maganinsa. Haka fitsarin kwance. Ba a kansa farau ba, kuma malamin gida ya san dabarar: gadon ƙasa kusa da ƙofa, leda a kan katifa, da wanda zai tashe shi cikin dare ba tare da ɗaki ya sani ba. Idan kuka yi shiru, 'yan ɗaki ne za su gano, su laƙa masa sunan da zai bi shi shekara shida.

Uwa ta zaunar da 'yarta ta yi mata bayanin al'ada tun kafin ta zo mata, domin 'yan mata da yawa a aji ɗaya ko biyu suke fara gani. Ta nuna mata yadda ake amfani da audugar mata da yadda ake zubar da ita, da hukuncin salla da wanka, ta sa mata isasshiya a akwati, ta kuma gaya mata cewa matar da ke kula da ɗakin kwana ita ce uwarta a can.

Sannan maganar jiki, ga namiji da mace baki ɗaya. Ku gaya wa yaro a fili cewa babu wanda yake da izinin taɓa masa al'aura, ko kiransa gadonsa da dare, ko keɓewa da shi a inda babu mutane, ko babban ɗalibi ne ko malami. Idan hakan ta faru ya faɗa, kuma ba za a dake shi ba, ba za a ce ƙarya yake yi ba. Kunya tana hana mu wannan magana, amma masu cutar da yara da wannan kunyar tamu suke fakewa.

Mataki na shida: ranar tafiya

Da daddare a gama komai: aski ko kitso, yanke farce, guga, jakar takardu a saman akwati. Da safe ya ci abinci mai riƙe ciki, domin layin rajista yakan kai azahar kuma ba lallai ne abincin rana ya same shi ba. Ku riƙe ruwa da ɗan abin taɓawa. Ku fita da wuri. Wanda ya iso da hantsi yana samun malamai da sauran ƙarfinsu, ya zaɓi gado, ya ɗaura gidan sauro da hasken rana, ya ga wuri kafin duhu. Wanda ya iso bayan la'asar, dare ne zai yi masa maraba.

Wa zai kai shi? Na san al'adarmu ta kunyar ɗan fari, inda uba yake tura baffa ko kawu. Ban ce a bar al'ada ba, amma idan da yadda za a yi, mahaifi ko mahaifiya ɗaya ya je. Idan ba zai yiwu ba, wanda aka tura ya zama ya san yaron sosai, ya san lafiyarsa, kuma ba mai sauri ba ne da zai sauke shi a ƙofa ya juya.

A makaranta yawanci haka layin yake: binciken kaya a ƙofa, tantance takardu da rasit, rubuta suna a rajista da ba da lambar ɗalibi, sanin aji da gidan kwana, ɗakin magani, sannan kai kaya ɗaki. Ku bar yaron ya amsa tambayoyin da aka yi masa da bakinsa. Kuɗin kashewa kada ku danƙa masa duka. Ku ba malamin gida ko wanda makaranta ta ɗora wa wannan aiki, a rubuta a littafi a gabanku, yaron ya riƙe 'yan canji.

Yanzu ga abin da na fi so ku riƙe a duk wannan rubutu. Kada ku bar harabar makarantar sai kun nemi malamin gidan kwanan yaron, ko matar da ke kula da ɗakin 'yan mata, da malamin ajinsa, kun gaisa da su da yaron a tsaye a gefenku. Magana ce gajeriya. "Malam, ga ɗanka nan na kawo maka amana. Yana da ɗan jin kunya, ba ya faɗin abin da ke damunsa sai an tambaye shi." Sannan ku juya ga yaron: "Ka ga Malam? Duk abin da ya same ka, dare ko rana, wurinsa za ka zo." Ku sa ya maimaita sunan malamin, a nuna masa ƙofar gidansa ko ofishinsa. Ku karɓi lambar wayar malamin, ku ba shi taku da ta wani na biyu, yaron kuma ya haddace lambarku, a rubuta masa ita a cikin murfin akwati. Malami yana da yara hamsin ko fiye a hannunsa. Wanda aka damƙa masa hannu da hannu, fuskarsa takan zauna masa tun daga ranar.

Mataki na bakwai: sallama

Ku taya shi shimfiɗa gado da ɗaura gidan sauro, ku gaisa da na gadon kusa da shi, ku tambayi sunansa da garinsu don su biyun su ji muryar juna. Daga nan ku yi sallama a fili. Har yau ina tuna wani yaro da mahaifinsa ya ce masa ya je ya ajiye bokiti ya dawo, kafin ya dawo an ja mota. Uban ya yi haka ne don kada ya ga kukan ɗansa. Yaron ya ruga har ƙofa ya riƙe ƙarfen yana kiran Baba, kuma ya fi wata guda bai yarda da maganar kowa ba. Ku dube shi ku ce za ku tafi, ku gaya masa ranar ziyara da kwanan watanta, ku dafa kansa ku yi masa addu'a, ku sa masa albarka. Idan ya yi kuka ku bar shi ya yi, kada ku ce masa namiji ba ya kuka. Idan naku hawayen ya taho, ku riƙe shi har mota. Kada kuma ku yi alkawarin da ba za ku cika ba, irin su "gobe zan dawo" ko "in ba ka so zan ɗauke ka."

Mataki na takwas: wannan naka ne, ɗana, ke ma 'yata

Bayan an tafi an bar ka, ƙirjinka zai yi nauyi, musamman da magariba. Kowa a ɗakin nan haka yake ji, har wanda kake gani yana dariya. Kada ka zauna kai kaɗai a kan gado. Ka kulle akwatinka, ka bi 'yan'uwanka masallaci, ka je ɗakin cin abinci ko ba ka jin yunwa, ka ci ko loma biyar ce. Kafin duhu ka san hanyar banɗaki da famfo, ka ɗebi ruwan wankan safe ka tura bokitin ƙarƙashin gado, ka sa tocila kusa da matashinka. Idan an kira suna ka amsa da ƙarfi.

Ƙararrawa ita ce agogonka. Idan ba ka san ta mece ce ba, ka tambayi ɗan aji biyu, domin bara shi ma a nan yake, kuma matambayi ba ya ɓata. A asambuli ka tsaya a layin ajinku, riga a cikin wando, ka saurara, domin a nan ake faɗin dokoki da sunayen shugabannin ɗalibai. A aji ka nemi wuri a gaba ko tsakiya, inda kake ganin allo sosai. Abu na farko da za ka kwafa shi ne jadawalin darussa, a bayan littafinka, da sunan malamin kowane darasi. Kowane darasi kusan minti 40 ne, malami ya fita wani ya shigo, saboda haka kada ka haɗa Lissafi da Turanci a littafi ɗaya. In ba ka gane ba ka ɗaga hannu, ko ka bi malamin bayan darasi ka ce, "Malam, don Allah ban fahimci wurin nan ba." Ban taɓa ganin malamin kirki ya ƙi ɗalibin da ya biyo shi da littafi ba.

Manyan ɗalibai ka gaishe su, ka girmama su. Za su aike ka, za a ba ka wurin shara, wannan duk cikin zaman makaranta ne. Amma duka, da ƙwace abinci ko kuɗi, da sa ka wankin wani har ka rasa aji, da gwale-gwale cikin dare, cin zali ne, kuma faɗa wa malamin gida ba tsegumi ba ne. Idan wani babba ya ce zai zama uban ɗakinka ya riƙa kare ka, kada ka yi saurin amsawa, kada ka ba shi makullinka. Ka ɗan jira ka ga halinsa, ka gaya wa malaminka. Aboki ma kada ka yi gaggawar zaɓa. Ka lura da wanda yake tashi salla ba a tashe shi ba, wanda yake rubutu idan malami yana bayani.

Idan makarantar jeka-ka-dawo ce

Akwati da katifa sun fita, amma takardu da suna da gabatar da yaro ga malamin aji duk suna nan. Abin da ya ƙaru shi ne hanya. Ku bi ta tare da shi sau biyu kafin buɗewa, a daidai lokacin da zai riƙa fita, ya san inda ake hawa da sauka, da inda ake tsallaka titi, da kuɗin mota, da abin da zai yi idan kuɗin ya faɗi. Ku gaya masa sunayen waɗanda aka yarda su ɗauko shi, ban da su ba ya bin kowa. Wasu makarantun gwamnati a birane suna da zuwan safe da na rana saboda yawan ɗalibai, ku tabbatar da wanne ne nasa, ku daidaita shi da lokacin Islamiyya tun makon farko. Idan ya dawo, ku bari ya ci abinci ya huta kafin tambaya, sannan ku ce ya nuna muku jadawalin da ya kwafa.

Bayan ranar farko

Kwana biyu ko uku da kai shi, ku kira malamin gida ku tambayi abu uku: yana cin abinci, yana barci, ya sami wanda suke tafiya tare? Kiran kullum ba shi da amfani, yana hana yaro sakin jiki, yana gajiyar da malami. Idan aka haɗa ku a waya ya ce a zo a ɗauke shi, ku saurare shi har ya gama, ku tambaye shi me ya faru takamaimai. Kewar gida takan lafa cikin mako biyu zuwa uku. Amma idan ya ambaci duka, ko wani da yake tsoro, ko ciwo, washegari ku kama hanya.

Ranar ziyarar farko kada ta wuce ku, ko da aron kuɗin mota za ku yi. Yaron da ba a zo masa ba yakan wuni a bakin ƙofa yana leƙen kowace mota. Idan kun je, ku duba jikinsa da kansa da tsakanin yatsunsa saboda ƙazuwa da makero, ku buɗe akwati ku ga abin da ya ɓata, ku buɗe littattafansa ku ga ko ana rubutu ana kuma duba masa. Maimakon "yaya makaranta?", wadda amsarta kullum "lafiya lau" ce, ku tambaye shi wa yake kwana a gadon kusa da shi, wane malami ya fi gane bayaninsa, me aka ci jiya da dare, wa yake aikensa. Ku sake leƙa malamin gida ku yi masa godiya. Abincin da za ku kai kuma a dafa shi da yawa, a ƙara cokula, domin a ɗakinsu ba za a rasa yaro biyu ko uku da garinsu ya yi nisa ba, kuma ɗanku zai so ya kira su su zauna a tabarmarku.